Darasi na Goma Sha Ɗaya: Ƙwalamar Kare Daga Kayan Lambu

Duk wanda ya san unguwannin Kaduna da ke arewa da kogi ya san kare ba baƙo ba ne a cikinsu. A Malali da Unguwar Rimi akwai manyan karnukan Turawa a bayan dogayen katangu. A Kawo da Hayin Banki da Mando da Rigasa akwai karnukan gida masu gadin garejin makanikai da gidajen kaji da filayen da ba a gama ginawa ba, ga kuma na mafarauta da na 'yan sintirin da ke zagaya unguwa da dare. Mafi yawansu aiki suke yi, masu su kuma sun san amfaninsu. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake zama da su. A ɗaure kare da sarƙa yini guda, a watsa masa sauran tuwo daga nesa, in ya yi ba daidai ba a rarumi dutse ko sanda. Sai ka iske kare yana tsoron ubangidansa, ubangidan ma yana shakkar karensa, kowa na kaffa-kaffa da kowa. Wannan darasi zai koyar da yadda ake haɗa 'yar ƙwalama ta kayan lambu da ake ba kare tukuici. Abin da darasin ke son tabbatarwa kuwa guda ɗaya ne: wannan ƙwalama ita ce hanya mafi arha, mafi aminci, ta mallakar kare har ya ji kira, ya saki abin da ya kama in an ce ya saki, ya tsaya a yi masa allura.

Mu fara da allurar, domin nan ne maganar ta shafi rayukan mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma har kashi 99 cikin 100 na waɗanda suka kamu daga kare suka samo ta. Kusan kashi 40 cikin 100 na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cuta ce da in alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma masana sun daɗe da gano cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki riga-kafi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa ta mutu da kanta. Maganin riga-kafin yana nan. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa shi, ana kuma shigo da wasu daga waje. Sai dai ma'aikacin lafiyar dabbobi ba ya iya tsira wa kare allura daga nesa. Dole a sami wanda zai kira karen, ya riƙe shi, ya kwantar masa da hankali na minti ɗaya. Karen da bai taɓa ganin alheri daga hannun mutum ba, ranar allura ko dai ya tsallake katanga, ko ya ciji mai riƙon. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son karensa ya tsaya a ranar, tun watanni kafin nan zai fara sabar masa da cewa zuwa kusa da mutum yana da riba.

Me ya sa sai da tukuici?

Wani zai ce ai sanda ma tana koya wa kare hankali, kuma iyayenmu da ita suka yi horo. Gaskiya ne sanda tana hana kare yin abu a gaban mai sandar. Abin da ba ta iya yi shi ne ta sa kare ya taho da gudu in an kira shi, domin ba dabbar da ke rugawa wajen abin da ke dukanta. An kuma auna wannan. A 2009 wata likitar dabbobi mai suna Meghan Herron da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun tambayi masu karnukan da aka kawo asibiti saboda matsalar hali, sai suka iske kashi 43 cikin 100 na karnukan da aka doka ko aka hamɓara sun mayar da martani da faɗa. A 2020 wasu masu bincike a Jami'ar Porto ta ƙasar Fotugal suka gwada karnuka 92 daga makarantun horo daban-daban, suka ga waɗanda ake horarwa da tsawa da fizgar wuya sun fi nuna alamun firgici, sinadarin damuwa kuma ya fi hawa a yawunsu, in aka kwatanta da waɗanda ake horarwa da tukuici. Kare ba ya gane laifi yadda mutum ke ganewa. Abin da ya iya shi ne haɗa aiki da sakamakon da ya biyo bayansa nan take. In ya zo ya sami ɗan abu mai daɗi, gobe ma zai zo. Lomar dankalin da ba ta kai girman ɗan yatsa ba ta fi sarƙar ƙarfe riƙe kare, don sarƙa iyakarta tsawonta, ita kuwa loma tana jawo shi daga ƙarshen layi.

Akwai kuma batun addini, wanda a garinmu ba a tsallake shi. Kaduna gari ne na Musulmi da Kirista, kuma da yawa daga cikin Musulmin da ke da kare suna jin nauyin kusantarsa. Sanannen abu ne cewa hadisai sun hana ajiye kare haka kawai, sun kuma yi rangwame ga na farauta da na kiwo da na gona. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai kuwa bin umarni ne, ko da yake wasu mazhabobin sun tafi a kan cewa najasa ce. Masu sharhin littafin Risala sun kawo cewa marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya ajiye karen gadi lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka yi masa magana kuma ya nuna cewa larurar zamani ce ta kawo haka. Hukuncin ko ya halatta wa mutum ya ajiye kare a irin halin da yake ciki, wannan na malamai ne, sai a tambaye su. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne cewa dabbar da ka tsare, ci da shanta suna wuyanka. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda kuma ba ya son yawun kare ya taɓa shi, ba dole ba ne ya miƙa da hannu. Ya jefa lomar a ƙasa gaban karen, ko ya ware wani dogon ludayi don wannan aiki. Abin da ke koyar da kare shi ne lokacin da lomar ta iso.

Ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne na masu cewa kare mai cin nama ne, me ya haɗa shi da kabewa? Suna da rabin gaskiya, kuma rabin nan yana da muhimmanci. Kare yana bukatar furotin mai yawa. Ma'aunin da masu sarrafa abincin dabbobi a Amurka ke bi ya sa mafi ƙarancinsa kashi 18 cikin 100 na busasshen abincin babban kare, da kashi 22.5 ga kwikwiyo mai tasowa. Duk wanda ya mayar da karensa kan ganye da dankali zalla ya zalunce shi. Amma kare ya daɗe da rabuwa da kakansa kyarkeci a wajen ci. A 2013 Erik Axelsson da abokan aikinsa a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun wallafa bincike a mujallar Nature, inda suka nuna cewa ƙwayar gadon da ke sarrafa sinadarin narkar da sitaci, wadda kyarkeci ke da ita guda biyu, karnuka suna da ita daga 4 har zuwa 30. Dubban shekarun da kare ya yi yana cin ragowar abincin manoma sun sauya masa ciki. Bugu da ƙari jikinsa yana iya juya sinadarin da ke ba karas da kabewa launinsu zuwa bitamin A, abin da kyanwa ba ta iya yi. Sharaɗi ɗaya ne a nan: narkar da sitaci ba ta farawa a bakin kare kamar yadda take farawa a namu, hanjinsa kuma gajere ne, don haka dankali da hatsi sai an dafa su sun nuna kafin su amfane shi.

To, me ya sa ba za a yi tukuicin da nama ba? Za a iya, kuma kare ya fi son sa. Amma horo yana cin loma talatin ko arba'in a yini, kullum, har tsawon makonni. Magidanci nawa ne a Unguwar Shanu ko Badarawa zai iya yanka wa kare tsire haka a wannan tsadar? Naman da ake samu da arha kuwa galibi kitse ne da tarkace, yawan kitse kuma yana kumbura wa kare wata gaɓa da ke kusa da tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, ciwo mai zafi da kan kai ga mutuwa. Kayan lambu sun fi dacewa da aikin saboda ana iya bayar da su da yawa ba tare da an cika wa dabba ciki ko an tatike aljihu ba.

Abin da ba ya shiga

A nan ne ya kamata mai karatu ya fi natsuwa, domin kuskuren da aka fi yi yana cikin tukunyar miya. Ana ganin sauran tuwo da miya ai abinci ne, tunda mutum ya ci bai mutu ba. Tuwon ba shi da laifi. Miyar ce matsala, saboda da wuya a sami miyar Bahaushe da babu albasa a ciki. Albasa da tafarnuwa da lawashi suna ɗauke da wasu sinadarai da ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dahuwa ko suya ko shanya ba sa kashe su. Likitocin dabbobi suna lissafin cewa albasar da ta kai kashi 0.5 cikin 100 na nauyin kare tana iya yi masa illa. Ga kare mai kilo 15, giram 75 ke nan, abin da bai wuce ƙaramar albasa ɗaya ba. Tafarnuwa ta fi ta ƙarfi, don haka masu dura wa kare ita da sunan maganin tsutsar ciki su daina. Mugun abin shi ne illar ba ta fitowa a ranar. Kaɗan-kaɗan take taruwa, sai bayan kwanaki a ga kare ya yi laushi, yana haki, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, kuma ba wanda zai tuna da miyar shekaranjiya. Haɗa da wannan akwai dunƙule, wanda yawancinsa gishiri ne, wasu nau'o'insa ma da garin albasa a ciki, ga barkono da attaruhu masu ƙona hanji, ga manja ko man gyaɗa. Saboda haka dokar farko ta wannan ƙwalama ita ce a ɗebi rabon kare tun kafin a sa kayan miya.

Akwai sauran abubuwan da ke yawo a gidajenmu da bai kamata su kai bakin kare ba. Goro da cakulan da ganyen shayi da kofi suna da sinadaran da ke zaburar da zuciya, jikin kare kuma yana jinkirin fitar da su. Inabi da zabibi suna iya tsayar masa da ƙoda, ko da kaɗan ne. Ɗanyen rogo yana da guba, ɗanyen gwaza yana ƙaiƙayin baki da maƙogwaro, dankalin Turawa da ya yi kore ko ya fara tsiro shi ma haka. Totuwar masara, wadda ke cika bola a lokacin damina, da ƙwallon mangwaro, ba guba ba ne, amma sukan toshe hanji har sai an yi tiyata. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda ciki. Sai kuma wata ɗabi'a da ake gani kamar tattali ce: masara ko gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi hunhuna, maimakon a zubar sai a ce a ba kare. Hunhunar hatsi da gyaɗa tana fitar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, wuta ba ta kashe ta, kare kuma yana cikin dabbobin da ta fi yi wa saurin illa. A 2011 karnuka fiye da 220 suka mutu a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu bayan sun ci abincin kanti da wannan guba ta gurɓata. Garin da ba za ka yarda a dama wa ɗanka kunu da shi ba, kada ka sa shi a ƙwalamar kare.

Wannan ya kawo mu ga masu cewa a sayi ta leda a kanti a huta. Wanda ke da hali ba a hana shi ba, kuma akwai masu kyau a cikinsu. Sai dai kyan leda ba ya tabbatar da abin da ke ciki. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana cewa daga 2007 zuwa ƙarshen 2015 ta karɓi ƙorafi kusan 5,200 kan wata busasshiyar ƙwalamar karnuka ta naman kaza da agwagwa da dankali, mafi yawanta daga ƙasar Sin, wanda ya shafi karnuka sama da 6,200, fiye da 1,140 kuma suka mutu. Wannan a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji da masu bin diddigi ke nan. A nan, ledar da ta keto teku ta yi watanni a shago cikin zafin bazara, mai saye ba shi da yadda zai san me ya same ta. Dankalin da ka zaɓa da idonka a Bakin Dogo ko kasuwar Kawo, ka wanke da hannunka, ka san tarihinsa.

Yadda ake haɗawa

Kayan aikin duk sanannu ne: dankalin Hausa, kabewa, karas, koren wake, kokwamba. In an sami dankali mai jan ciki, irin wanda cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike ta fitar wa manoma a 2012 da 2013, ya fi farin yawan sinadarin da ke zama bitamin A, amma farin ma yana yi. Kabeji da alayyahu a taƙaita su, na farko yana kumbura ciki, na biyu kuma yawansa ba ya yi wa mai matsalar mafitsara kyau. Ba sai an sayi na gaban tire ba. Karas da ya karye, ko dankalin da fartanya ta sara, waɗanda 'yan gwari ke karyar da kuɗinsu da yamma, sun wadatar, matuƙar ba su ruɓe ba. A wanke su sosai, domin wasu lambunan cikin gari da ruwan da kwata ke kwarara a ciki ake yi musu ban-ruwa. Hanya mafi sauƙi ita ce turarawa. A yanka karas ko kabewa ko koren wake ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, a zuba a madambaci minti 10 zuwa 15, ba gishiri ba mai, a bari su huce. Wannan ta yini ɗaya ce, in da firiji mai sanyi ta kai kwana uku. Kokwamba ba ta bukatar wuta, kuma da yake kusan dukkanta ruwa ce, ta dace da watan Maris da Afrilu.

Wadda ta fi daɗewa ita ce busasshen dankali, kuma duk matar da ta taɓa yin kauɗar tumatir ko ta shanya kuɓewa ta riga ta iya rabin aikin. A fere dankalin, a yanka shi fale-fale, kaurin rabin santimita, a turara shi kamar minti 5 zuwa 7 har ya fara laushi amma bai farfashe ba. Wannan turarawa ita ce mutane ke tsallakewa, alhali ita ce ke sa sitacin ya narku a ciki. Daga nan a jera a faranti, kada wani ya hau kan wani, a rufe da raga saboda ƙuda da ƙura, a ɗora a wuri mai tsayi inda rana da iska ke bugawa. A cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kwana biyu ko uku sun isa, a riƙa shigar da shi ɗaki da dare. A watan Agusta kuwa kada ma a gwada shanya, hunhuna za ta riga rana. A lokacin sai a koma ga tanda. Mai tandar gas ko ta lantarki ya sa ta a maki 120 na awon Salsiyos, awa biyu da rabi zuwa uku, yana juyawa a tsakiya. Wanda ba shi da ita ya yi irin gashin da mata ke yi wa kek: yashi a gindin tukunya, faranti a kai, garwashi kaɗan a ƙasa. Alamar ya yi ita ce in an lanƙwasa ya karye, ba danshi a tsakiya. Wanda ke lanƙwasuwa kamar fata kare ya fi jin daɗin taunarsa, amma a cinye shi cikin kwana uku ko huɗu. Mai karyewa, in an zuba shi a kwalba mai murfi bayan ya huce sarai, yakan kai mako biyu zuwa uku.

Ta uku gasasshiya ce, don ranakun horo mai wuya. A dafa kabewa a tsane ruwan a dame ta, a auna gwangwanin madara ɗaya, a haɗa da gwangwani biyu na garin gero ko dawa da ƙwai ɗaya. Ƙwan ne ke riƙe ƙullin, tunda gero ba shi da danƙo irin na alkama, yana kuma ƙara furotin da ƙanshin da ke jan hancin kare. In ƙullin ya yi ruwa a ƙara gari. A shimfiɗa shi siriri, a tsaga da wuƙa ƙanana-ƙanana, a gasa a maki 180 na minti 25 zuwa 30, ko a tukunyar yashi har ya bushe ya yi ƙaras. Hannu zai so ya kai ga sukari ko gishiri ko kanwa don sabo, a danne shi. Harshen kare ba namu ba ne, zaƙin kabewar kaɗai ya ishe shi.

Awo da amfani

Likitocin dabbobi sun daidaita a kan cewa ƙwalama kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare ke ci a yini. Karen gida mai kilo 15 yana bukatar kalori wajen 900, saboda haka rabon ƙwalamarsa kusan 90 ne. Giram 100 na dankalin Hausa yana da kalori 86, na karas 41, na kabewa 26, na kokwamba 15. Ma'ana ƙaramin dankali ɗaya ya cinye rabon yini, karas kuwa sai an ninka. A kula da busasshe: ruwa ne kawai ya fita, ƙarfin yana nan, dankalin ya koma kusan sulusin nauyinsa, don haka giram 30 zuwa 35 ya isa. Gasasshen gero ma kusan haka. Sabon abu kuma a fara shi da loma biyu ko uku, a duba kashin karen washegari, in ya yi ruwa a rage ko a sauya. Tsohon kare, da wanda likita ya ce yana da ciwon sukari ko na ƙoda, da kwikwiyon da bai daɗe da barin nono ba, a nemi shawarar likitan dabbobi tukuna.

Yin amfani da ita ba shi da wuya, haƙuri kawai yake ci. A zaɓi lokacin da kare bai ƙoshi ba. A kira sunansa sau ɗaya, da ya juyo ko ya tako, loma ta sauka cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Minti biyar safe, minti biyar yamma. Bayan ya iya zuwa, a koma zama, sannan sakin abin da ke bakinsa, sannan abin da ake nema tun farko: a taɓa wuyansa a ba shi, a ɗaga fatar bayan wuyan inda ake yin allura a ba shi, a duba kunnensa don kaska a ba shi, a sa masa takunkumi a ba shi. Kalmomin umarni su zama iri ɗaya a bakin kowa a gidan. Idan ya ƙware sai a riƙa tsallake wasu lokutan, yabo da baki ya maye gurbi. Kada a taɓa kiran kare don a doke shi, kira ɗaya irin wannan yana rushe aikin mako guda. Yara kuma kada a bar su su yi wannan su kaɗai, kada su kusanci kare yana cin abinci.

Sauran ƙorafi biyu. Masu gadi kan ce karen da aka saba wa da daɗi zai yi sanyi, har ɓarawo ya jefo masa nama mai guba ya ci. Amma wane kare ne ya fi saurin hadiye abin da aka jefo ta katanga, wanda ya ƙoshi ya kuma koyi barin abu in an hana shi, ko wanda aka bari da yunwa don wai ya yi zafi? Horo ba ya ba da tabbaci ɗari bisa ɗari a nan, sai dai yunwa ba ta ba da ko ɗaya. Haushi a kan baƙo kuwa ɗabi'ar kare ce ta tsaron wurinsa, karas ba ya cire ta. Abin da horo ke ƙarawa shi ne ikon tsayar da shi idan baƙon nan mai kawo takardar kuɗin wuta ne, ko almajiri, ko ɗan maƙwabci da ya biyo ƙwallo. Ƙorafi na biyu ya fi na farkon nauyi: mutane na kwana da yunwa, ana maganar gasa wa kare kabewa? Wannan magana ce ta gaskiya, kuma wanda bai iya ciyar da iyalinsa ba bai kamata ya ɗauki nauyin kare ba tun farko. Amma wanda ya riga ya ajiye, ya sa dankali ɗaya a yini a sikeli guda, ya sa kuɗin jerin allurai na wanda kare ya ciza a ɗayan, tare da shari'a da ɓacin zumunci tsakanin maƙwabta.

Ƙwalama ba magani ba ce, ba ta kuma maye gurbin likita. Ana yi wa kwikwiyo allurar haukan kare daga wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, a kuma adana katin. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu a cikin Kaduna, akwai Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a hanyar Mando da ke horar da ma'aikatan wannan fanni, manyan matsaloli kuma akan tura su asibitin koyarwa na likitan dabbobi na jami'ar a Zariya. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar ta duniya, kuma a irin lokacin akan shirya gangamin riga-kafi a wurare da dama. Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ko da karen gida ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ganin ko karen zai haukace.

Aikinku kafin zama na gaba shi ne kowa ya haɗa ɗaya daga cikin nau'i ukun nan, ya rubuta abin da ya saya da kuɗin da ya kashe da lokacin da aikin ya ci. Mai kare ya gwada kiran suna na mako guda ya zo mana da sakamako. Wanda ba shi da kare ya tambayi maƙwabcin da ke da shi yaushe aka yi wa karen allura ta ƙarshe, in kuma babu kati, ya gaya masa inda ake yi.